Kafin Ku Tafa wa Dontrell

Mai girma Magajin Gari, Mista Pettway, Fasto Gaines, Koci Hollins, manyan baƙin da ƙungiyar wasan Dontrell ta turo daga birni, iyayena da 'yan uwana mutanen garin nan, barkanmu da yamma.

Ni ce Lashonda Maybin, yayar Dontrell. Na gode da kuka sa wa filin makarantar nan sunan ƙanena, na gode wa matan coci da suka wuni suna soya tarwaɗa. An ce in yi yabo in zauna, ni kuwa tambayoyi na zo da su.

Kun san aikinsa a wasan ƙwallon zari-ruga na Amurka: ya sheƙa tsakiyar fili, kansa a sama, idonsa a kan ƙwallon da aka jefo masa, alhali wani ƙato na tafe zai banke shi. Shekara da shekaru yana cafkewa muna ihu, yana faɗuwa muna ihu, yana tashi da jiri muna ihu.

Tambayata ta farko ga baƙinmu. Bara kun sallame shi, kun ce ƙafarsa ta yi nauyi. Bana samarinku sun karye, sai ga ku da furanni, za ku sanar zai koma wasa. Me ya sa sai a nan, a gaban mutanensa, inda kunya ba za ta bar shi ya ƙi ba?

Ta biyu: kun ce likitanku ya duba ƙwaƙwalwar Dontrell, lafiya ƙalau. To, jama'a, ku ji yadda ake gwajin. Farkon kakar wasa ake gwada tunanin ɗan wasa, in an buge shi a sake gwadawa a kwatanta. Dontrell da bakinsa ya gaya min, muna cin abinci, har da dariyarsa: "Yaya, ai ranar gwajin farko dolo nake komawa. In an buge ni, sai su ga ba abin da ya canza." Ya ce rabin abokan wasansa haka suke yi. Ni da nake nan Mississippi na sani, amma wai likitanku bai sani ba? Ban yarda ba.

Ta uku taka ce, ƙanena. Daina harara ta, ni na goya ka. Tsoro nake ji, kuma gara ka yi fushi da ni. Ɗazu a mota ka tambaye ni ko an ajiye wa Mama kujera a sahun gaba. Dontrell, kai ka ɗauki akwatin gawarta bara.

Saboda haka in baƙinmu sun miƙe, ku yi tunani kafin ku tafa.

Allah ya tsare yaran da za su yi wasa a filin nan, Allah ya bar wa ƙanena hankalinsa, Allah ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.