Likita Ya Hana Ni Ba Ɗiyata Nono

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu, matar Dauda, daga Tibiri. Wannan da ke goye a bayana Alheri ce.

Bakwaini na haife ta, ƴar mitsitsiya. Aka kawo mu asibiti nan Dutsi, aka sa ta cikin kwalba. Da farko tana karɓar nono. Sai wata safiya ta ƙi. Cikinta ya kumbura yana ƙyalli, ta yi amai kore shar, na ga jini cikin kashinta.

Uwar mijina ta ce, "Saratu, wanga ba ciwon asibiti ba ne, iska ne. Mu tafi gida da ita."

Kuka kawai nake.

Likita ya taɓa cikin a hankali, ya sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton cikin. Ya nuna mana, ya ce, "Madam, hanjinta ne ya kamu, yana so ya ruɓe. Ciwon nan yakan sami bakwaini. Bai huje ba tukuna. In ya huje, sai aikin tiyata a Yamai. Daga yanzu ko ɗigon nono kada ta sha."

Wayyo! Nono na zuba yana jiƙa mini riga, ɗiyata na motsa baki, ni kuwa an hana ni. Roba a hancinta, ƙarin ruwa da allurai a hannunta.

Matan zumunta na cocinmu suka zo dubiya. Muka durƙusa ƙarƙashin iccen dogon yaro a harabar asibitin. Na ce, "Ya Yesu, ni ba na ganin cikinta, kai kana gani. Riƙe mini hanjin nan!" Har uwar mijina ta ce amin.

Aka yi ta sake hoto. Rannan likita ya fito yana murmushi.

"Madam, ya lafa. Tatso kaɗan mu gwada."

Ta sha, ya zauna! Washegari ta yi kashi rawaya, ba jini. Ƴan'uwa, na yi guɗa a kan kashin jariri, har malaman jinya suka yi ta dariya.

Halleluya! Na gode wa Ubangiji da ya ba likita ido. In cikin jaririnku ya kumbura, ku ruga asibiti, kuna tafiya kuna kiran Yesu. Yana ji. Amin!