Kukan Na'urar Hayaƙi

A ɗakin jira na wani sabon ofishin gwamnati a Dutse, wata farar na'ura tana ta tsuwa can saman silin. Malama Zaituna, wadda ta zo daga Ringim ganin Darakta, ta dubi tsohon masinjan ofishin.

"Baba, gyare ne wannan?"

"Mu ma haka muka zata, 'yata. Muka yi masa hayaƙin barkono, sai ya kwarma ihu, ma'aikata suka watse. Ashe na'urar jin hayaƙi ce, batirinta ya yi sanyi."

"To, a canza mana."

"Wa zai kai can? Ga shi Darakta ya ce in ya sake jin kukanta ranar Litinin, in koma ƙauyenmu."

"Ku sa gora ku zunguro ta."

"Kayan gwamnati? Ai wannan kora ce har da 'yan sanda."

"Duk ofishin nan babu tsani?"

"Akwai. Yana gidan Darakta, wajen masu fenti."

"Ai sai ku tuna masa."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi silin.

"Bai manta ba. Ni ya sa na kai masa, a ka, tun daga nan har Limawa."