Nono ba ya lalacewa a jikin uwa

Salamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri. Sunana Rakiya, malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a Dakoro. Da hutun haihuwa ya ƙare na koma aiki, sai uwar mijina ta ce, "Nonon da ya wuni a ƙirji ya lalace, a ba yaron na saniya." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ban yarda ba." Na kai ta asibiti, ungozoma ta faɗa mata nono ba ya lalacewa a jikin uwa. Yanzu Inna ita ke goyo yaron har lakwal ƙarfe goma ya sha nono, in na daɗe a aji ta yi mini faɗa. A gaida mini Inna, na san tana saurare.