Tsohuwar da Ta Ƙi Zama Lamba

A bencin mai gyaran waya, wata ɗaliba tana jiran tata tana ta tsaki, sai dattijon da ke kusa da ita ya ce, "'Yata, wannan tsaki haka? Lafiya?"

"Baba, aji gare ni anjima, kuma ta bidiyo a wayar ake yinsa. Makarantarmu ta haɗa gwiwa da wata ta ƙasar waje, muna bincike kan ungozomomi."

"Madalla."

"Ba madalla ba. Dokarsu ta ce a ɓoye sunan duk wadda aka yi hira da ita, don kare mutuncinta. Sai a ba ta lamba. Wata tsohuwa ta ce ita da ta yanke cibiyar rabin unguwa ba za ta zama lamba ba. Ko a sa sunanta, ko a goge maganarta. Idan na goge, aikina ya rushe, ba ni gamawa bana."

"To ki ce mata kin sa mana. Karatu take yi?"

Ɗalibar ta dube shi sama da ƙasa. "Ni in yi wa kakata ƙarya?"

"Au, kakarki ce? Shi ya sa. To yanzu fa?"

"Zan zaunar da ita gaban kyamara, su kare mata mutuncin da bakinsu."

"Tana jin Turanci?"

"Ni zan fassara."

"Duka?"

"Duka, Baba. Har da zagin."