Irin Gero Bayan Yunwa

Ruwan farko ya sauka bayan yunwa. Ina kasuwar Gumel kan sana'ata ta kasa kunne, wani manomi ya tsaya gaban mai irin gero.

"Malam, ina naka irin?" in ji mai gero.

"Mun cinye da bazara."

"Ka gani! Wani akawu Kirista a Kano ya ce mini kowa zai girbi abin da ya zaɓa. Ni liƙe rumbuna na yi."

"Gaskiyarsa. Gonata fayau, ga yara shida sai ci. Naka yaran fa?"

Mai gero ya daɗe yana juya mudu.

"Larai ce kaɗai. Ba ta ga ruwan nan ba, yunwa ta tafi da ita. To wai tsakaninmu wa ya yi asara?"

"Oho. Akawun bai faɗa ba?"

"Ban tambaya ba. Miƙo ƙwaryarka."