Tabarmar da Malam Haliru Bai Gani Ba

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Allah ya ja zamanin Dagaci. Allah ya gafarta Liman. Babban malamin makarantu da ya taso daga Zariya, sannu da hanya. Maimuna matar marigayi, 'yata, ke da yaranki, Allah ya ƙara haƙuri. Jama'a, assalamu alaikum.

Ni ne Lado mai igiya. Ban yi boko ba, an dai ce in yi magana a wannan sadakar arba'in ta Malam Haliru domin ba na mantuwa. To, ku yi haƙuri da abin da na tuna.

Na ji ana cewa garinmu ya karɓi makaranta hannu biyu. Ba haka aka yi ba. Shekarar da aka sauke tutar Bature, aka ce kowace unguwa ta kawo yara. Damina ta kama, wa zai ba da mai riƙe fartanya? Unguwarmu ta duba wanda gona ba za ta yi kewarsa ba, ta miƙa jikana Inuwa, makaho. Lissafin shi ne malam zai koro shi, a ce ai mun bayar.

Malam Haliru ya dubi yaron, ya ce, "Wannan kuka kawo?" Aka ce shi ne. Ya ce, "Madalla. Inuwa, zo gaba, kusa da ni." Mai unguwa ya jira kora har ya gaji.

Ya kasance mutum ne da ba ya rubuta abu a allo sai ya faɗe shi da baki. Ya kasance idan yaro ya yi wa Inuwa dariya ba ya ɗaukar bulala, sai ya sa shi rufe ido da hula, su yi karatun tare. Ya kasance, Allah ya ji ƙansa, mai naci ne, har ya fi ni.

Wata rana ya same ni ina tufka. Ya zana abu a ƙasa, ya ce, "Baba, lanƙwasa min igiya haka." Na ce, "Malam, wannan ko ɗan akuya ba zai ɗaure ba." Ya ce, "Ba akuya zan ɗaure ba." Ashe baƙaƙen boko ne. Ya kafe su a katako, Inuwa yana shafawa, masu ido ma suna rige-rigen shafawa. Ni na tufka su duka, har yau ban san sunan ko ɗaya ba.

Aikin ƙarshe da ya ba ni tabarma ce. Ya zana ƙasarmu a kai da gawayi, har da manyan koguna biyu, ya ce in bi zanen da igiya, yaron ya taɓa Nijeriya da hannunsa. Ina tsakiyar ɗinki sanƙarau ya ɗauke shi. Kaito! Da hannuna ya fi haka sauri, da ya ga yatsun Inuwa a kai.

Maimuna, mijinki bai bar miki shanu ba. Ya bar yaron da duk muka ce ba shi da amfani yana rubuta sunansa. Ki faɗa wa ɗanki Mika'ilu wannan idan ya girma.

Yanzu, babban malami, gare ka. Tun da aka kai Malam makwanci, aka ce Inuwa ya zauna gida, wai aji na masu ido ne, wai akwai makarantar makafi can nesa. Wanda ya faɗa bai zage ni ba, ni ma ban zage shi ba. Amma abokan yaron a makarantar nan suke, mazauninsa nan yake. Kullum da safe yana wanke ƙafa, ya zauna bakin zaure yana sauraron ƙararrawa.

Ga tabarmar, na gama. Ranar Litinin zan zo makaranta da ita a kafaɗa, Inuwa a hannu. Wanda zai mayar da mu, ya faɗa yanzu, gaban matar Malam.

Na gode da kuka saurari tsoho. Allah ya haskaka kabarin Malam Haliru, ya raya abin da ya bari. Liman, a yi mana Fatiha.