Ni da Surukina a Tabarma Ɗaya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Garba, manomi daga gefen Maradun.

Tun da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonar da na gada, na rasa kaina. Na bar cin abinci, na bar shiga mutane. Sai in tafi bakin ruwan in tsaya, ina saƙa abin da ba ya faɗuwa.

Wani ma'aikacin asibiti a Talata Mafara ya ce ciwon damuwa ne. Ya haɗa ni da wasu irina, duk Talata mu zauna tabarma ɗaya, kowa ya amayar da abin da ke cin ransa. Wallahi na ga amfani, har na koma sallar jam'i.

To, makon jiya aka kawo sabon mutum. Ina ɗaga kai sai ga surukina, uban matata, duk ya rame. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha gabansa ba, yaya zan yi kuka yana kallo? Na sunkuyar da kai, shi ma haka, har aka tashi.

Tsoro nake ji. In na daina zuwa, na san inda ƙafata za ta mai da ni. In na ci gaba, tsohon ba zai buɗe baki ba, kuma jiya an gan shi tsaye bakin ruwan nan.

Jama'a, ku ba ni shawara kafin Talata. Wa zai bar wa wani tabarmar?